Ajiye rassan ɓaure kafin dashe: tambayoyi da amsoshi

Tun da sha'awar dasa tin, wato ɓauren ƙasashen Larabawa, a gida ta yaɗu, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo tsakanin masu lambu. Wani ya samo reshe a hannun aboki amma bai gyara wurin dashe ba, wani an aiko masa daga nesa, wani kuma ya yi wa bishiyarsa aski yana jin ciwon zubar da rassan. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da na sani, wasu daga karatu, wasu daga abin da hannuna ya taɓa.

Wane ɓaure ake nufi? Na dajinmu ko na ƙasashen Larabawa?

Mafi yawan bayanin nan a kan tin ne, wanda Allah Ya rantse da shi a farkon sura ta 95, wanda masana tsirrai ke kira Ficus carica. Shi ne ake kawo busasshensa daga Turkiyya, ƙasar da ta fi kowace noma shi, sai Masar da Maroko da Aljeriya da Iran. Ɓauren da muka tashi muka gani a bakin rafi ɗan'uwansa ne, sunansa Ficus sycomorus, haka ma cediya da durumi da gamji duk dangi ɗaya ne.

Bambancin da ya shafe mu shi ne tin ɗan ƙasar sanyi ne. Idan hunturunsu ya shiga yakan zubar da ganye ya yi barci, kuma wannan barcin ne ya sa ake iya ajiye reshensa watanni. Namu na gida ba su san irin wannan sanyin ba, don haka nasu hukuncin daban ne. Duba amsar cediya da durumi a ƙasa.

Me ya sa ake wahalar ajiye reshe? Ba sai a shuka iri ba?

Reshe yana ba ka ainihin uwar, da ɗanɗanonta da girman 'ya'yanta, kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu yana iya fara haihuwa. Iri kuwa sa'a ce. Kusan rabin abin da ya tsiro zai fito namiji ne wanda 'ya'yansa ba sa ciyuwa, sauran kuma ba lallai su yi kama da uwar ba. Mutane sun daɗe da gane haka. A Gilgal, cikin kwarin Urdun, an tono 'ya'yan tin masu shekaru kusan 11,400, an kuma wallafa binciken a 2006. Irin marasa ƙwaya ne, waɗanda ba su da hanyar yaɗuwa sai an karya reshe an soke a ƙasa.

Reshen da aka yanke yana da rai ne? Me ke kashe shi?

Yana da rai, yana numfashi. Ka ɗauke shi kamar matafiyin da aka sallama da guzuri ƙayyadadde: abincin da bishiya ta tara masa a jiki, da ruwan da ke cikinsa ranar da aka yanke shi. Ba shi da saiwar da zai ƙaro ruwa, ba shi da ganyen da zai ƙaro abinci. Duk dabarar ajiya ƙoƙari ne na rage saurin cin guzurin nan.

Abubuwa uku ke kashe shi. Bushewa, wadda ita ce babbar matsalarmu a hunturu. Fumfuna da ruɓewa, waɗanda yawan danshi ke jawowa. Sai zafi, wanda ke tayar da shi daga barci ya ƙone guzurinsa a banza. Abin wahalar shi ne maganin na farko yana kiran na biyu. Mai tsoron bushewa sai ya jiƙa reshe sharkaf, bayan mako biyu ya buɗe leda ya tarar da farar fumfuna ta lulluɓe komai. Na fi ganin rassan da ruwa ya kashe a kan waɗanda ƙishirwa ta kashe.

Wane irin reshe ne ya fi jure ajiya?

Wanda ya ƙosa: ɓawonsa ya bar kore ya koma ruwan ƙasa ko ruwan toka, idan ka lanƙwasa shi ba ya biyo ka. Reshen bara ya fi. Kaurinsa ya kai fensir zuwa babban yatsa, tsawonsa santimita 15 zuwa 25, wato kusan taƙi guda, da gaɓa uku zuwa biyar. A kowace gaɓa akwai ido, kuma daga nan toho ke fita.

Siririn reshe yana saurin bushewa, guzurinsa kaɗan ne. Ɗanyen reshe mai ganye kuwa ba na ajiya ba ne ko kaɗan, a dasa shi a ranar ko washegari. Idan har za a yi tafiya da shi, a tsige ganyen duka, domin ganye ne ke zuƙe ruwan jikinsa. Kada a ɗauko daga bishiyar da ganyenta ke da dabbare-dabbaren rawaya da murɗewa. Wannan alamar cutar bairos ce da ke bin reshe duk inda ya je, babu wankin da ke fitar da ita.

Yaushe ya kamata a yanka?

A Turkiyya da Spain da Amurka ana yanka ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da bishiya ta yi barci sosai. A wajenmu tin ba ya samun cikakken barci, amma hunturu yana rage masa kuzari, sau da yawa har ya zubar da ganye. Ƙarshen Disamba zuwa Janairu shi ne mafi kusa da lokacin da ake so, musamman a wurare masu sanyi irin Jos. Wasu masu lambu kan rage ban-ruwa na mako biyu ko uku kafin yanka don bishiyar ta lafa.

A yanka da sassafe, rassa na cike da ruwa. Kuma ga shawarata: idan kana da bishiyar a gidanka, mafi kyawun ma'ajin reshe shi ne jikin uwarsa. Kada ka yanka sai ka san ranar da za ka dasa. Ajiya ta wanda ba shi da zaɓi ce.

Yaya zan shirya rassan kafin in ajiye?

Fara da kaifafa wuƙa ko almakashin lambu, ka goge da sifirit. Yanka gindin a miƙe, ƙasa kaɗan da gaɓa, saman kuma a karkace. Wannan ne zai tuna maka ina ne sama ina ne ƙasa bayan wata biyu, domin reshen da aka dasa a kife ba ya yin abin kirki. Idan ka manta ba ka yi alamar ba, dubi gaɓar: tabon da ganye ya bari yana ƙasa, idon yana bisansa.

Cire duk ganye da ƙananan 'ya'yan da ke manne. Wanke rassan da ruwa da ɗan sabulu, ana iya sa tsohon buroshin haƙori a gaɓoɓin, don nan ne ƙura da ƙananan ƙwari ke maƙalewa. Sai ka tsoma su minti ɗaya ko biyu a ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic, kashi tara na ruwa, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa kan tsabtataccen zane har ɓawon ya bushe ƙayau. Wannan shanyar ita ce mutane suka fi tsallakewa, kuma ita ce rabin aikin. Reshen da ya shiga leda a jiƙe, da wuya fumfuna ta ƙyale shi.

Daga nan rubuta sunan irin da ranar yanka, a jikin ledar ko a jikin reshen da alƙalamin maka. Rassan tin duk kamarsu ɗaya idan babu ganye.

Farin ruwan da ke fita idan an yanka, yana da illa?

Yana da ita. A cikinsa akwai sinadaran da idan suka taɓa fata rana ta doke wurin, sai ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har ya ɗuri ruwa kamar ƙuna, ya bar baƙin tabo na watanni. Sa safar hannu, ka kiyaye ido, ka wanke hannu da sabulu da ka gama. Kada a bar yara su yi wasa da sabbin yankakkun rassa. Shi kansa reshen, a bar ruwan ya tsaya ya bushe a bakin yankan kafin a naɗe.

Yaya ake ajiya a firji?

Sanyin da ake so digiri 2 zuwa 5 ne, wato aljihun ƙasa inda ake sa ganye da kayan miya. Hanya biyu ce. Ko ka naɗe kowane reshe tam da siririyar ledar naɗe abinci, sannan ka haɗa su cikin wata leda mai rufewa. Ko kuma ka naɗe dami guda cikin jarida ko takarda mai ɗan danshi ka sa a leda. Ma'aunin danshin: jiƙa takardar, matse ta iya ƙarfinka, idan ko ɗigo ɗaya ya fito to ruwan ya yi yawa. Ni na fi son ta farko, domin reshen da ya ƙosa ruwan jikinsa ya ishe shi idan dai an hana iska ɗiba.

Kada a sa a firiza, kada kuma a jingina da bangon bayan firji inda ƙanƙara ke taruwa. Ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin jikinsa, ya fito baƙi ya yi laushi. A nisanta shi da tuffa da ayaba da mangwaro da tumatir, saboda suna fitar da iskar etilin, wadda ke nunar da 'ya'yan itace, ita ma tana lalata idon reshe. Duk mako ko kwana goma a buɗe a duba, a goge raɓar da ta taru a cikin ledar. Kuma a faɗa wa uwargida da yara, don kada wani ya ga itace a firji ya zubar.

Wuta ba ta tsayawa a unguwarmu. Firjin zai yi amfani?

Wannan ita ce tambayar da bayanan ƙasashen waje ba sa amsawa, domin an rubuta su ne ga mutanen da firjinsu ba ya mutuwa. Ɗauke wuta na 'yan sa'o'i ba komai ba ne idan ba a yawan buɗe ƙofa. Abin da ke ɓarna shi ne sanyi yau, ɗumi gobe, sanyi jibi. Duk lokacin da firji ya huce, gumi na taruwa a cikin leda, reshe kuma ya ɗauka bazarar ƙasarsu ta zo ya fara motsi.

Ya taɓa faruwa da ni. Wata shekara na ajiye dami biyu a Janairu, sai taransifomar layinmu ta ƙone, muka yi kwana tara babu wuta. Da na buɗe, ledar ta yi gumi kamar an yayyafa mata ruwa, idanun rassan sun kumbura sun fito da farin toho mai laushi, gindinsu kuma ya yi baƙi yana wari. Kaɗan na ceto. Tun daga nan, idan ba firjin sola ba ne ko wanda nake da tabbacin wutarsa, ba na dogara da shi fiye da mako biyu. Abin da ke taimakawa shi ne jera gorunan ruwan sanyi kewaye da damin, suna riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Wanda wutarsa ba ta da tabbas ko kaɗan ya bi amsar da ke biye.

Ba ni da firji. Akwai wata hanya?

Akwai yashi. Samo yashin rafi mai tsabta, ka wanke, ka bar shi ya tsane har ya zama idan ka dunƙula a hannu yana haɗuwa amma ba ya jiƙa tafin. Zuba a tukunyar ƙasa ko akwatin katako, kwantar da rassan a ciki, ka rufe su da yashi kamar kaurin yatsa huɗu. Ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, ɗakin da rana ba ta duka ko gindin randa. Ɗora tukunyar kan dutse ko bulo ka zagaye da toka, saboda gara ba ta ƙyale itacen da ke da danshi. Ana yin haka da dusar katako ma, sai dai ta fi yashi riƙe ruwa da saurin fumfuna.

Wanda ya fi wannan shi ne randa cikin randa, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa a shekarun 1990 har ta samo masa lambar yabo ta Rolex. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe baki da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ruwan da ke tashi daga jikin babbar yana janye zafi, kuma ta fi aiki daidai lokacin da muke buƙata, wato cikin busasshiyar iskar hunturu. Rassan su kasance cikin leda a ƙaramar tukunyar, kada su taɓa ruwa.

Amma a san iyakarta. Randa ba ta kai sanyin firji, jinkiri take sayo maka na mako biyu zuwa huɗu. A cikin yashi kuwa, da ɗuminmu, sau da yawa bayan mako uku za ka tarar gindin ya yi farin kumburi ko ma ya fara saiwa. Wannan alheri ne, sai dai yana nufin ajiya ta ƙare, lokacin dashe ya yi.

Na ga ana tsoma bakin reshe a kaki. Dole ne?

Ba dole ba ne idan an naɗe da leda da kyau, amma yana da amfani sosai ga reshen da zai yi tafiya ko zai zauna ba firji. Ruwa ya fi fita ta bakin yanka, kuma tin yana da ɓargo mai laushi a tsakiya wanda ke saurin bushewa. Narkar da kakin zuma ko kyandir, sauke daga wuta ya ɗan huce, tsoma bakin reshen ka cire nan take, daƙiƙa ɗaya ta isa. Kaki mai tafasa yana dafa idon da ke kusa. Ranar dashe a yanke na gindin, a bar na saman.

Har tsawon wane lokaci reshe zai iya zama?

A firjin da sanyinsa bai yanke ba, reshen da aka yanka yana barci yana yin wata biyu zuwa uku lafiya, wasu masu kauri su haura haka, amma kowane mako ƙarfinsa na raguwa. Reshen da aka yanka a nan, wanda bishiyarsa ba ta yi cikakken barci ba, kada a ba shi wannan tsawon, wata ɗaya zuwa mako shida ya isa. A cikin leda a ɗaki, cikin hunturu, mako ɗaya zuwa kwana goma. A bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, kwanaki kaɗan ne.

Lissafin da ya kamata kowa ya yi ke nan: wanda ya yanka a Janairu yana nufin ya jira ruwan Yuni, wata biyar ne a gabansa, da bazara a tsakiya. Wannan ya yi tsawo. Gara ya kafe rassan a leda ko tukunya tun Fabrairu, a inuwa, yana ba su ruwa, damina ta same su da saiwarsu sai a mai da su ƙasa.

Na buɗe na ga fumfuna. In zubar?

Duba tukuna. Idan fara ce sama-sama, ɓawon da ke ƙarƙashinta da ƙarfinsa, a wanke, a maimaita ruwan bilic kamar yadda aka faɗa a amsar shiri, a shanya, a canza sabuwar leda. Idan bakin yanka guda ne kawai ya yi baƙi, a yi ta yankewa har a iso farin itace mai lafiya, muddin gaɓa biyu sun rage. Wanda ya yi laushi, ɓawonsa na saluɓewa, yana wari, a fitar da shi kafin ya shafi 'yan'uwansa. Reshen da ya taɓa yin fumfuna ba na mai da shi doguwar ajiya, dasa shi nake yi.

Yaya zan gane yana da sauran rai?

Kankare ɓawon kaɗan da farce kusa da gindi. Kore mai danshi a ƙarƙashi, yana raye. Ruwan ƙasa busasshe, wurin ya mutu, gwada sama kaɗan. Reshe mai rai yana da ɗan nauyi a hannu, wanda ya mutu kuwa sakayau yake, ɓawonsa ya yamutse, idan ka karya ya ce ƙas. Wanda ya ɗan yanƙwane amma yana da kore, a jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta daga dare zuwa safe, sau da yawa yana farfaɗowa.

Cediya da durumi da ɓauren gida fa?

Waɗannan ba sa shiga firji, sanyin yana cutar da su. Kuma ba su buƙata, domin iyayenmu sun daɗe da sanin hanyarsu. Dubi cediyar ƙofar gida ko durumin bakin kasuwa, yawancinsu wani ne ya saro reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya kai mutum, ya kafa a ƙasa gab da faɗuwar damina. Irin wannan babban reshe guzurinsa mai yawa ne. Idan ba a shirya rami ba, a sassabe ganyen, a jingina shi a tsaye a inuwa, gindinsa cikin yashi mai danshi ko naɗe da jiƙaƙƙen buhu, zai yi kwanaki har mako guda ko fiye. Barinsa kwana biyu ko uku ruwan bakin yankan ya bushe ma yana rage ruɓewa. Bayan an kafa, a kewaye da ƙaya, awaki na son ganyensu.

A Masar haka ɓaure ke rayuwa tun zamanin Fir'auna. Ƙwaron da ke yi masa barbara babu shi a can, 'ya'yansa ba sa yin ƙwayar da za ta tsiro, saboda haka duk bishiyar da ka gani daga reshe aka dasa ta.

Zan iya kawo reshe daga Saudiyya ko Masar ko Turkiyya?

Alhazai da 'yan kasuwa kan yi sha'awar haka, musamman wanda ya ɗanɗani tin na Ɗa'ifa. Shigo da tsiro mai rai yana da doka. A Najeriya hukumar NAQS, mai sa ido kan lafiyar tsirrai da dabbobin da ake shigowa da su, ita ce ke ba da izini, ana kuma neman takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Dokar tana da dalili, domin cututtuka da ƙwari a jikin reshe suke tafiya. Reshen da aka yi wa kaki aka naɗe yana jure tafiyar mako ɗaya zuwa biyu idan bai sha zafi ba. But ɗin mota da rana tsaka yana iya gamawa da shi a yini guda.

Kafin ka wahala, tambayi irin. Wasu nau'in tin, irin Sarilop na yankin Aydin a Turkiyya wanda ake busarwa, ba sa nuna sai wani ɗan ƙaramin ƙwaro ya shiga cikin 'ya'yan ya yi musu barbara. Manoman Kaliforniya sun dasa irin wannan a shekarun 1880, 'ya'yan suka yi ta zubewa ɗanye har sai da aka kai musu ƙwaron a 1899. Nemi nau'in da ke haihuwa da kansa, kamar Brown Turkey ko Black Mission ko Kadota, ko Sulɗani na Masar.

Ranar da na fito da su, me zan yi?

Fito da su da yamma, ka bar su su huce a ɗaki, ka gwada su da farce kamar yadda aka bayyana. Sabunta yankan gindin kaɗan, jiƙa su na 'yan sa'o'i, sannan ka soka a ledar dashe mai huda a ƙasa, cike da yashi gauraye da ɗan tsohon taki da ya ruɓe sarai. Gaɓa biyu ko uku a ƙasa, ɗaya ko biyu a waje. Ajiye a inuwa mai haske, ka kifa wata farar leda ko yankakkiyar gorar roba a kai don iska kada ta busar da saman.

Saiwa ta fi fita a ɗumin digiri 21 zuwa 27, kuma takan ɗauki mako uku zuwa shida. Sau da yawa ganye na riga saiwa fitowa, daga guzurin jikin reshen yake ci, don haka ganin ganye kada ya sa ka ƙara ruwa ko ka fitar da shi rana. Soka yatsa a yashin, sai ka ji ya fara bushewa za ka ba shi ruwa. Kada ka tumɓuke don ka leƙa. Jira sai ka ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar ledar, sannan ka fara saba masa da hantsi, sa'a ɗaya yau, biyu gobe, har mako biyu kafin ya koma ƙasa.